Matar da Ta Sayi Izinin Sare Ɗorawa

Duk wanda ya ci tuwo a Tudun Kargo daga shekarun sittin zuwa yau, to ya ci daddawar Tambaya, ko ya sani ko bai sani ba. Tudun Kargo ƙauyenmu ne, a ƙasar Bunkure. Tambaya kuwa sa'ata ce, katanga ɗaya ce ta raba gidajen iyayenmu. Shekarar da aka kai ni makarantar mishan, a shekarar ce kakarta ta zaunar da ita a gaban tukunyar kalwa, kuma har ta tsufa ba ta sake sana'a ba.

A wancan zamani daji ne tun daga bayan gari har inda ido ya tsaya. Akwai kaɗanya, akwai tsamiya da kanya, ɗorawa kuwa ba a ƙirga ta. Da bazara mata kan fita da dogayen gora masu ƙugiya su tsinko 'ya'yanta, yara su sha garin har bakinsu ya yi rawaya, a tara ƙwayar, wato kalwa, a dafa, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye har ta yi wari irin wanda ake so. Tambaya ba ta taɓa taɓa daddawa da hannu don ta san ta nuna ba. Daga ƙofar ɗaki take shaƙa, ta ce a buɗe ko a bari.

Da aka kawo aikin noman rani a shekarun saba'in, katafila ta shigo ta kwantar da dajin, aka ja kanal, ruwa ya zo, shinkafa da tumatir suka maye gurbin itatuwa. Ban ce ba mu ji daɗi ba, don mun ji. Amma abin da ya rage na daji sai wani tudu da ruwa ba ya hawa, wanda hukuma ta kewaye ta kira shi gandun daji. Daga nan komai na cikinsa ya koma sai da takarda. Mai kirare da takardarsa, mai zuma da tasa, masu tsinkar ɗorawa su ma duk shekara sukan je ofishin daji su karɓo tasu. Tambaya ba ta taɓa fashi ba. Sauran mata da yawa sun koma daddawar waken suya, ita ta ce wannan miyar marasa haƙuri ce.

A tsakiyar gandun akwai wata babbar ɗorawa da muke kira Ta Kaka, don a gindinta kakar Tambaya take ajiye ƙwaryarta. Ita kaɗai takan ba da rabin kalwar da Tambaya ke aiki da ita. A ranin 2002 gobara ta ci gandun, ta ƙone gefe ɗaya na itacen. Bazara biyu suka wuce ba ta yi fure ba, ganyen ma sai ɗan tsiraru a can sama. Da sanyin ƙarshen 2004 ya shigo ta zubar da su, ta tsaya fayau kamar busasshiya.

A nan Bilya ya shigo maganar. Bilya saurayi ne ɗan garinmu, yana da injin yankan itace, yana kai wa masu turara shinkafa a Kura makamashi. Ba mugun yaro ba ne, sai dai idan ya dubi itace, lodin mota yake gani. Ranar kasuwar Bunkure ya tsaya gaban faifan Tambaya yana saya wa uwarsa daddawa, bakinsa ya kasa riƙe magana.

Ya ce, "Inna, ki je ki yi ban kwana da Ta Kaka. Ran Litinin zan karɓo takardar sare ta."

Ta ce, "Wa ya ce maka ta mutu?"

"Ai ko makaho ya shafa ya san ta mutu. Malamin daji ma ya duba."

Ta ƙara masa gyara, ta ce ya gai da uwarsa. Da yamma na ji sallamarta a zaurena. Ta ce in shirya, gobe zan raka ta ofishin daji, tun da ni nake karanta abin da suke rubutawa. Da na biya mata da safe na lura akuyarta ja ba ta a turke, ban kuwa tambaya ba.

Malamin daji na lokacin sunansa Sammani, mutum mai fara'a, ya san Tambaya shekara da shekaru. Yana ganinta ya jawo takardar tsinka, ya ce, "Inna, bana kin yi sammako. Ai ɗorawa ko fure ba ta fara ba."

Ta ce, "Ba wannan ba, ɗan nan. Ta sara nake so. Ta Kaka zan sare."

Sammani ya ajiye biro, ya dube ni. Na ɗaga kafaɗa, don ni ma a lokacin na fara ji. Ya yi mata bayani dalla-dalla, yadda suke yi a ofishinsu. Ɗorawa mai rai ba a ba kowa izinin sare ta. Wadda ta mutu kuwa, wanda ya riga biya shi ke da ita, a shafa mata jan fenti, kada wani ya taɓa. Amma takardar wata uku take yi. Idan ya zo zagaye bai ga ana aiki ba, ko wa'adin ya cika itacen yana tsaye, sai a ba na gaba.

Ta ce, "Na gaban shi ne Bilya?"

"Shi ne."

"Idan kuma ta yi fure kafin nan fa?"

Sai ya gane. Ya yi dariya har ya dafa tebur, ya ce, "Idan ta yi fure, Inna, ba ke ba Bilya. Takardarki ta ɓaci, kuɗinki kuma ba ya dawowa."

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da kuɗin akuyarta, ta ce, "Rubuta."

Saura mai sara, tun da dole a ga ana aiki. Tambaya ba ta je da nisa ba, ta ɗauki mijinta, Malam Iliyasu. Shi manomin albasa ne, kuma ban taɓa ganin mutum mai sanyin jiki kamarsa ba. A garinmu cewa ake idan aka aike shi kiran ungozoma, ranar suna zai dawo. Kullum bayan ya ba albasarsa ruwa sai ya saɓa gatari ya hau tudu, ya zauna a gindin Ta Kaka, ya fito da dutsen washi. Ya wasa, ya gwada a babban yatsa, ya girgiza kai, ya ci gaba da washi. Idan aka hango babur ɗin Sammani sai ya miƙe a hankali ya sari wani busasshen reshe da gobara ta riga ta gama da shi.

Sammani yakan ce, "Baba, yaya aiki?"

"Ana kai, Malam. Itacen ne da tauri."

Bilya ya ji haushi kwana biyu, daga baya abin ya koma ba shi dariya. Duk wucewar da zai yi sai ya tsaya ya ce, "Baba Iliyasu, gatarin nan zai ƙare kafin itacen. In zo in taya ka? Kafin ka gama alwala na kwantar da ita."

Iliyasu ya ce, "Gaggawa aikin shaiɗan, yaro."

Ita kuwa Tambaya ba zama ta yi ba. Ta kwashe tokar murhunta ta kai gindin itacen, ta roƙi taki a rugar da ke bayan tudu, ta kafa shingen ƙaya don kada makiyaya su hau su sassabe ɗan abin da zai tofo. Tana zuwa da tulu a ka daga kanal, ga tsufa, ga hawan tudu. Wata biyu suka shuɗe. Sauran ɗorawoyin gandun suka fara sako tutu, wato jajayen furannin nan masu lilo kamar ƙwallo. Ta Kaka shiru.

Sai ta tuna da wani abu da kakanninmu suke yi wa itacen da ya ƙi haihuwa. Tsorata shi ake yi. Mutum ɗaya ya zo da gatari yana faɗa, yana cewa yau zai sare, wani kuma ya riƙe masa hannu yana roƙo, yana alkawari a madadin itacen cewa bana zai yi 'ya'ya. Ni dai tun ina yaro rabona da ganin an yi. Ta sa rana, ran Alhamis da hantsi, labari ya bazu, masu ban ruwa suka bar gonaki suka hau tudu kallo.

Iliyasu ne zai yi faɗan. Ya matsa kusa da itacen, ya gyara hula, ya ce, "Salamu alaikum."

Tambaya ta ce, "Malam, ba gaisuwa aka aiko ka ba."

Ya ɗaga gatari iya ƙirji, ya ce, "To, ke ɗorawa, ki yi haƙuri, an ce in gaya miki, idan ba damuwa, za a sare ki."

Mutane suka fashe da dariya. Wani ya ce ko kaza ba za ta tashi daga kan ƙwai ba don wannan faɗan. Ana cikin haka sai Bilya ya ratso taron, injinsa a kafaɗa.

Ya ce, "Inna, in dai tsoro ake so ta ji, a ba ni wuri."

Kafin ta amsa ya ja igiya, inji ya kama. Tsuntsayen gandun suka watse. Ya nufi gindin itacen, daidai kan jan fentin, yana ɗaga murya sama da ƙarar injin: "Shekara biyu kina cin wuri a banza. Yau za ki tafi Kura ki dafa shinkafa." Haƙoran injin suka taɓa ɓawo, garin itace ya tashi.

Na ga fuskar Tambaya ta canza. Takardar sara tana nan da ranta, mai takardar kuma ba ta hana shi matsowa ba, in ya zarce ba wanda zai ce ya karya doka. Ta yar da mayafi ta riƙe masa damtse da hannu biyu. Roƙon da ta shirya yi na al'ada ya tafi, na gaske ya zo.

Ta ce, "Bilya, don darajar uwarka ka bari. Za ta yi. Na ce maka za ta yi bana. Wannan ɗorawar ita ta aurar da ni, ita ta aurar da 'ya'yana. Ka ba ta bazarar nan kawai."

Ya bar injin yana kuka ɗan lokaci, kamar mai shawara. Sa'an nan ya kashe shi, ya dubi ɗorawar ya nuna ta da yatsa, ya ce, "Kin ci albarkacin tsohuwa." Ya juyo yana murmushi, ya ce, "Inna, yaya? Na iya?"

Ta zauna a ƙasa tana haki, ta ce, "Ɗan banza, ai ni ka tsorata, ba ita ba."

Ba zan ce injin Bilya ne ya yi aiki ba. Ni na fi zargin toka da taki da ruwan tulu, kuma mai yiwuwa lokacinta ne kawai ya yi. Abin da na gani da idona shi ne, ana saura 'yan kwanaki wa'adi ya cika, Iliyasu ya sauko daga tudu da sauri, abin da ba a taɓa gani ba, har ya mance gatarinsa a can. A reshe ɗaya na gabas, wanda wuta ba ta kai gare shi ba, tutu ya fito, ja wur, yana lilo.

Aka kira Sammani. Ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon sama, hannu a goshi. Ya karɓi takardar daga hannun Tambaya, ya ja mata layi biyu, ya ce, "Inna, ina baƙin cikin sanar da ke, kin yi asara. Wannan ɗorawa mai rai ce, ba a sare ta."

Ta ce, "Allah ya ƙara mana irin wannan asara." Ta yi guɗa, ita da ba ta yi ko a bikin 'ya'yanta ba. A nan take ta ce ya rubuta mata ta tsinka, ya ce ta bari dai ya koma ofis, ba a kan babur yake ajiye su ba.

Kalwar da Ta Kaka ta bayar a bazarar 2005 ba ta cika ƙwarya ɗaya ba. Tambaya ta ƙi haɗa ta da ta sauran itatuwa, ta dafa ta ita kaɗai a ƙaramar tukunya, ba ta kuwa kai ko ɗaya kasuwa ba. Ta aika wa Sammani, ta aiko mini, ta kai wa matan rugar da suka ba ta taki. Bilya ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar gida yana cewa ina ladan mai faɗa. Ta miƙo masa guda biyu a ganye.

Ya ce, "Biyu kacal, Inna?"

Ta ce, "Reshe ɗaya ka tsorata. Baɗi ka zo da wuri ka yi wa na yamma."