Kwalaben da Baffa Ya Zubar

A ƙarshen shekarun tamanin na koma Tiga da akwati cike da kwalabe. Ina karatun digiri na biyu a lokacin, bincikena kuma a kan wasu ƙananan tsirrai ne da ke shawagi a ruwan dam, waɗanda ido ba ya iya ganinsu ɗaya-ɗaya sai an sa su ƙarƙashin madubin kimiyya. Su ne abincin 'ya'yan kifi. Da yawansu da irinsu ake gane lafiyar ruwa, in kuma suka wuce kima sai ruwan ya koma kore, abin da mutanenmu ke haɗawa duka su kira gansakuka.

A gidan Baffa na sauka, yayan mahaifina, wanda tun rasuwar mahaifin namu shi ne babba a dangi. Mutum ne mai zafin zuciya da zafin nama. Da ruwan dam ya cinye gonakinmu na gado, bai tsaya kuka ba. Ya kama bakin wani lungu inda rafi ke shigowa dam, ya sayi injin ban ruwa, ya cika wurin da tumatir da albasa da barkono. Duk gefen nan babu gonar da ta kai tasa, kuma ba ya yi mata rowar takin zamani.

Tun ranar farko aikina bai yi masa ba. Ya tsaya a kaina ina jera kwalabe a ɗakin da aka ba ni, ya ce, "Yanzu duk karatun da aka yi maka, ƙarshensa ɗiban ruwa a kwalba? Ai matan gidan nan ma suna ɗiba, su a tulu."

Na yi dariya don in mai da abin wasa. Shi bai yi ba.

Wani abokin karatuna na sakandare da ke aiki a ma'aikatar ruwa shi ya samo mini kwalekwale. Nakan fita da sassafe, in ja wata 'yar raga mai laushi kamar mayafi a bayan jirgin, in tace abin da ta kama in zuba a kwalba, in ɗiga ruwan aidin don kada ya lalace. Ina da wani faifan ƙarfe mai fari da baƙi da nake zurawa da igiya har sai ya ɓace mini, in auna zurfin. Masunta na kallona daga nesa. Ba sa amsa gaisuwata da kyau, domin shugabansu, sarkin ruwa, sun daɗe suna rigima da Baffa a kan gaɓar lungun: shi yana cewa gonar ta cinye inda suke shanya komarsu ta kamun kifi, Baffa yana cewa ƙasa tasa ce. A wurinsu ni ɗan gidan mai tumatir ne kawai.

Haka na bi ruwan tun daga kaka har bazara, kwalabena suna ƙaruwa a gindin bango. Sai aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, ya wanke gonakin gaɓa ya zuba a lungun. Bayansa rana ta buɗe, iska ta tsaya cak. Cikin 'yan kwanaki ruwan lungun ya yi kauri ya yi kore kamar miyar kuka, yana wari. Faifaina ina zura shi yake ɓacewa. Da na duba a madubi, sai na ga duk ire-iren nan masu kyau da na saba gani, masu kama da tauraro da masu kama da ɗan kwalekwale, sun tafi. Iri ɗaya tak ya mamaye, zare-zare, ya sarƙe ko'ina.

Na gaya wa Baffa muna cin tuwo. Na ce, "Baffa, takin da ruwa ya kwaso daga gonaki yana ciyar da abin nan. In ya fara ruɓewa zai shanye iskar da kifi ke shaƙa."

Ya ce, "Ci abincinka."

Bayan kwana kaɗan aka wayi gari gaɓar ta yi fari fat da karfasa, cikinsu sama. Tarwaɗa ce kawai ta tsira, tana leƙo baki saman ruwa. Kafin hantsi an aiko ana nemana a ƙofar mai unguwa.

Na tarar da taro. Sarkin ruwa ya juye kwandon matattun kifi a gaban tabarma, ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi nan. Da idonmu muke ganinsa yana ɗiga jan magani. Tunda aka yi dam ɗin nan ba mu taɓa ganin haka ba sai da ya zo. Masu gonar nan suka turo shi ya kashe mana kifi, mu tashi mu bar musu gaɓa."

Samarin masunta suka fara matsowa. Ɗaya ya finciki rigata ta baya. Baffa yana zaune a gefe da carbinsa, na dube shi ina jiran ya ce wani abu, ko da "ku sakar mini ɗa" ne. Ya kau da kai.

Mai unguwa ya tsawatar, ya ce in yi magana. Na yi. Na ce maganin a kwalba nake ɗigawa, ba a dam ba, kuma ko duka na juye ba zai kashe kifi ɗaya ba. Na bayyana yadda koren ke haɓaka in ya sami abinci, da yadda yake shaƙe ruwa in ya mutu. Aka ce to me ya ba shi abincin? Na lissafa: kashin shanun da ake shayarwa a wurin, sabulun masu wanki, da takin zamani da ruwan sama ya wanko daga gonakin gaɓa.

Babu wanda ya ji shanu, babu wanda ya ji sabulu. Fuskar sarkin ruwa ta washe. Ya juya ga jama'a ya ce, "Kun dai ji da kunnenku. Ɗan mai tumatir ne ya faɗa, ba ni ba. Gonar wa ta fi girma a gaɓar nan?"

Baffa ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya tafi, ko sallama bai yi wa mai unguwa ba.

An daɗe ana ce-ce-ku-ce kafin a sallame ni. Da na isa gida, a zaure na ga akwatina da tabarmata da madubina a naɗe. Kusa da su buhu ne, cike da kwalabena, duk babu komai a ciki. Inna, matar Baffa, ta leƙo tana share hawaye ta nuna mini garken awaki. Ƙasar wurin a jiƙe take, ta yi ja-ja da aidin. Ɗaya bayan ɗaya Baffa ya buɗe su ya tsiyaye. Bai fasa ko guda ba, har murafun ya mayar.

Aikin kaka da rani da bazara ke nan, yawancinsa ban ma kai ga dubawa ba. Ruwan da na ɗiba a watan da ya wuce ba ya dawowa.

Ya fito daga turakarsa ya tsaya. Na ce, "Baffa, me na yi maka?"

"Ka ci tuwona, ka je gaban maƙiyina ka kwance mini zani."

"Dukana za su yi kana zaune kana kallo."

"Da sun dake ka, da ka warke. Wannan da ka yi mini ba ya warkewa."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce gaskiya na faɗa, kuma na gaya masa a gida tun kafin kifi ya mutu ya ce in ci abincina. Na ce abin da ya zubar ba nasa ba ne, kuma Allah zai tambaye shi. Inna ta riƙe hannuna tana cewa in yi shiru don girman mahaifina. Shi kuwa ya nuna ƙofa ya ce, "Ɗauki tarkacenka."

Na koma ɗakin abokina a gidajen ma'aikata. Maganata kuwa ta ci gaba da yawo, kullum tana sauya kama, har ta kai kasuwar Tudun Wada a matsayin wai ɗan boko ya tabbatar Baffansa ya zuba guba a dam. Aka yanke tiyon injin Baffa. 'Ya'yansa suka huda kwalekwale biyu. Na je wurin sarkin ruwa na ce masa ya daina jingina mini abin da ban faɗa ba. Yana gyaran koma, ko kai bai ɗago ba ya ce, "Malam, ka gama mana aiki. Sauran namu ne." Na tsane shi a lokacin kamar yadda na tsani abin da Baffa ya yi mini, kuma har yau ban san wanda ya fi ba.

Malamina na jami'a ya ce babu yadda za a yi, sai na sake daga farko. Na sake. Shekara guda cur na ƙara a kan ruwan nan, masunta ba sa gaishe ni, 'yan uwana na gidan Baffa ba sa gaishe ni. Bazarar da ta biyo lungun ya sake yin kore, sai dai an sami iska, kifin bai mutu da yawa ba. Kowane ɓangare ya ce wannan ya nuna ƙarya na yi. Na rubuta abin da na gani, na kammala, na sami aikin koyarwa a Kano.

Dangi sun yi ta matsa mini in je in ba Baffa haƙuri. Na ce zan je in gaishe shi a matsayin uba, amma haƙuri shi zai ba ni. Na je da sallah sau biyu, na durƙusa, ya amsa da "lafiya" yana duban bango.

Da aurena ya tashi a farkon shekarun casa'in, Baffa ne ya kamata ya karɓa mini auren. Aka je aka gaya masa, ya aiko cewa ƙafa ta hana shi fita. Wani ƙanen kakanmu, tsoho tukuf, shi aka ɗauko a mota ya tsaya mini. Da yamma wasu baƙi da suka zo daga kudu suka ce sun wuce Baffa a bakin titi, yana tsaye a kan motar albasa yana ba da umarni a ɗaure buhuna.