Kwalbar Inabi a Saman Kabad

Wani injiniya ɗan Italiya da muka yi aiki tare a sito a unguwar Khumra ta Jidda ne ya ba ni kwalbar, ran da zai koma gida. Jan ruwan inabi ne na ƙasarsu. Ya rantse babu ɗigon barasa a ciki, ni ma sai da na duba takardar jikinta sau uku, kada a jefa ni a masifa. Dama ya sha cika mana kunne da jan inabin kakansa, wai sai ya shekara goma a ajiye yake yin daɗi, kuma da busasshen nama da cuku ake shan sa. Na ce a raina, ai kilishi kake nufi, malam, mu ma muna da shi.

Na ɗora ta a saman kabad a ɗakina na unguwar Sa'alaba, na ce ba za a buɗe ba sai ran da matata ta iso daga Kano. Matsalar ita ce lebura aka rubuta a iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, lebura kuwa ba a ba shi bizar kawo iyali. Kullum kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, sai ya ce, "Gobe, in sha Allah, za a canja." Shekara huɗu ina goge kwalbar nan duk Juma'a. In muna waya ta bidiyo, matata sai ta ce in ɗaga mata ita ta gani, tana dariya, wai abin namu yana ta nuna.

Wata Alhamis kafili ya ce, "Halas, ka daina tambaya. Ba zai yiwu ba."

Washegari bayan sallar Juma'a na je unguwar Ammariyya na sayo kilishi da cuku. Na shimfiɗa leda, na ajiye kofi biyu, ban ma lura ba. Ina buɗe kwalbar wani warin tsami ya doke ni. Ashe na kakan nasa mai barasa ne ke jure ajiya, na halal ba ya jiran kowa, balle a zafin Jidda. Haushi ya kama ni, kaɗaici ya fi shi.

Sai ga kiran matata na bidiyo. Na juya mata wayar ta ga ledar.

"Baban yara, ka buɗe ke nan," ta ce.

Ba ta tambaye ni zancen biza ba, ranar nan ko bayanta.