Kwana goma sha biyu Inna tana kallon arewa

Na yi aiki shekara uku a wani gidan gajiyayyu a Talata Mafara, a ɓangaren mata. Da na fara mu huɗu ne. Daga baya biyu suka bari, ba a kawo wasu ba, aka bar mu mu biyu da tsofaffi goma sha tara: wanka, wanki, abinci, kai su bayan gida.

A cikinsu akwai wata makauniya daga wajen Bakura, ƙafafunta ma sun daina ɗaukarta. Inna muke ce mata. A zaune take salla bisa gadonta. Tun ranar da aka kawo ta ta sa aka nuna mata gabas, ta gane cewa in ta jingina bayanta da ƙarfen kan gadon, to alƙibla take kallo. Da wannan ƙarfen take salla, ba ta sake tambayar kowa ba.

Wata safiya Hajiya mai kula da gidan ta ce a jera gadajen a layi ɗaya, don mutum ɗaya ya iya bi da bokiti da kwanuka ba sai ya yi ta zagaye ba. Gaskiyarta, hannu ya yi mana kaɗan. Muka ja gadajen lokacin da Inna take waje tana shan hantsi. Ni na kama kan gadonta na juya shi. Ni kuma na ɗauko ta na mayar.

Tana zama ta ce, "Ɗiyata, yau mi ya sa iska ke zo min ta kunnen dama?"

Ina riƙe da zanin wata da ta ɓata shi. Na ce, "Damina ce, Inna, iska ba ta da wurin zama."

Ta yi dariya ta ce, "Kamar ke kenan."

Sai rana ta huɗu, da la'asar, na shigo na gan ta ta ɗaga hannu tana kabbara, fuskarta tana kallon arewa. Na tsaya da tsintsiya a hannu har ta sallame.

Na je na gaya wa Hajiya a hankali. Ta ce, "Ki bari tukuna. Kin san ta, in ta fara kuka duk ɗakin zai ɗauka, wa zai rarrashe su? Allah ya san zuciyarta."

Ba zan ɗora wa Hajiya ba. Ba ta kama bakina ba. Kalma ɗaya ce, in ce Inna ki juya. Amma in na faɗa, za ta tambayi tun yaushe, za ta tuna maganar iskar. Na ce gobe. Goben ta zo, laifin ya ƙaru da salla biyar, ya fi na jiya nauyin faɗa. Kullum ni nake kawo mata buta da roba, in zuba mata ruwan alwala, ta sa min albarka, in fita da sauri kafin ta tayar da salla. In na koma gida ina ce wa 'ya'yana su tashi su yi salla, sai in ji muryata ta yi ƙasa.

Ranar Juma'a ina yanke mata farce na faɗa, kaina a sunkuye, kamar tana ganina.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kwana nawa?"

"Sha biyu, Inna."

"Ke kin sani tun yaushe?"

"Tun na huɗu."

Ta janye hannunta, saura yatsu biyu ban yanke ba. Ta lissafa a gaɓoɓin yatsunta ta ce, "Sittin." Can ta ce, "Kuma kika ce min damina."

Malamin da yake zuwa yi musu karatu ya ce mata ba laifinta ba ne, ba sai ta rama ba. Ta gode masa, ta yi masa addu'a mai tsawo. Yana fita ta fara ramawa, kullum tana ƙara biyar a kan nata, har ta cika.

Na ɗaure wani ƙyalle a ƙarfen gefen gadon, daidai inda za ta jingina ta kalli gabas. Ta shafa shi ta ce madalla. Ta ci gaba da ce min ɗiyata, ta ci gaba da karɓar ruwa a hannuna. Amma kafin kowace salla, ina tsaye da butar, sai ta juya ta kira tsohuwar da ke gadon kusa da ita, wadda ido ɗaya ya rage mata, shi ma da hazo.

"Ke mai ido guda, gabas nike kallo?"

"Gabas ce, makauniya, yi sallarki ki bar ni in huta."

Haka suka yi har Inna ta rasu. Ni ba ta ƙara tambayata ba.