Waya mai farin ciki da ƙwan zabbin yayata

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma ne, bayan la'asar, ruwa na zuba a ƙauyenmu kusa da Garhanga. Mu uku ne a shigifa: ni, da mai ɗakina, da yayata wadda mijinta ya rasu bara waccan. A lokacin ne ampul ɗin, wato ƙwan lantarki, da ke cikin akwatin ƙyanƙyasa ya mutu.

Akwatin ni na haɗa shi. Ni manomi ne, a lakwal kuma, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, amma tun ina saurayi nake son harhaɗa wayoyi. Katako ne, da ampul mai ba da zafi, da batir da fano, faifan hasken rana, ke cikawa. Ƙwan da ke ciki na zabbin yayata ne, duk abin da ta tara a daminar. Ta so ta sa wa kaza kamar yadda kowa ke yi, ni na ce ta kawo. Sun kusa fashewa, in ka kara kunne kana jin ɗan kuka daga ciki.

Na bi abin daki-daki. Da farko batir: da wuta. Sannan ampul: lafiya lau. Sai na kai ga wayar da ta taso daga batir, na tarar ta rabu da mazauninta, bakinta ya yi fari kamar toka.

"Mi ya hwaru?" in ji yayata.

"Waya ta saki. Yanzu zan liƙe ta."

"Buɗe mini in kwashe abina in sa cikin zane."

"Yaya, in kika buɗe, ɗan zafin da ya rage ya tafi. Kada ki taɓa murfin nan."

"Ji shi! Kaza ba ta da waya, malam mai dabara."

Na ɗauko kayan liƙi. Ƙarfen liƙina ba na lantarki ba ne, a garwashi ake gasa shi. Gawayinmu ya jiƙe. Mai ɗakina ta ruga madafa cikin ruwan, ta ɗebo garwashin tuwo a kasko, ta rufo shi da faifai. Na sa ƙarfen, ita tana fifita.

Aikin liƙi yana da tsari. A kankare waya, a ɗora ƙarfe mai zafi, a kawo dalma ta narke ta bi wayar, sannan a haɗa. Haka na yi. Dalmar ta narke, ta dunƙule, ta gangaro ƙasa. Na sake, ta sake gangarowa. Na taɓa gefen akwatin da bayan hannu, ya fara sanyi.

Na ɗaga wayar wajen ƙofa inda haske yake, na kankare ta sosai da wuƙa. Ja ɗin a bisa kawai yake, cikinta fari fat. Sanholo ne, wato alminiyon, aka shafa wa jan ƙarfe. A kasuwar Buza na saye ta, kuma duk ƙullin haka yake. Liƙin farko ya kama shafen ne, danshin damina ya cinye shi. Dalma ba ta kama sanholo, ko za a kwana ana yi.

Yayata ta ɗora hannu bisa murfin.

"Yaya, dakata. Ina rediyon da baba ya bari?"

"Shina cikin adakata. Mi za ka yi da shi?"

"Wayar cikinsa ta da ce, jan ƙarfe zalla. Sai na yanke."

"Ka kashe mini ƙwai, ka kashe rediyon tsoho?"

"Zaɓi ɗaya. Garwashin nan ba zai jira ba."

Ta dube ni, ta dubi akwatin. Ta fita ba mayafi, ta dawo da rediyon a ƙarƙashin zane, ta dire shi gabana. Na kwance bayansa, na yanko waya mai tsawon taƙi. Ƙarfen ya huce, sai da aka sake gasawa, mai ɗakina tana hurawa da baki don garwashin ya fara mutuwa. Na ɗora. Wannan karon dalma ta bi wayar, ta kwanta tana sheƙi. Na haɗa, na riƙe har ta daskare. Ampul ya kama.

Na ajiye ƙarfen. Yayata ta zauna ta kara kunne jikin katakon, ba ta tashi ba har aka kira magariba.

Mafi yawan ƙwan sun fashe cikin kwanakin da suka biyo. Na gefen bango, inda sanyi ya fara shiga, ba su fashe ba. Ita ta kwashe su da kanta. Rediyon bai sake magana ba.

Kai mai karatu, in kana wannan sha'awa tawa, ina roƙonka abu ɗaya. Kafin ka sayi waya, ka fere bakinta nan gaban mai tebur, ka kankare da wuƙa. In cikinta fari ne, ajiye masa abinsa.