Ɗakin Katakon Da Na Hana Numfashi

Shekara hamsin da shida ke nan da ruwan Kainji ya haɗiye Gungun Tamada, tsibirin da aka binne cibiyata. A shekarar da aka tashe mu daga can aka haife ka, Hafizu. Kana da wata uku na ɗauko ka a jirgina, kai da Innarka ƙanwata, muka tsallako gaɓar Wara. Ranar Talata, goma ga Satumba, bayan azahar, tafkin Kainji na tsakiyar cika, aka aiko mini cewa ka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na kawo ka gaɓar nan, ban taɓa zaton ni zan raka ka makwanci ba.

Ni ne Ya'u masassaƙin jirgi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ɗiyarka Sa'adiyya mai aikin jinya ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Waɗanda ka koyar a firamare sun faɗi alherinka a wurin zaman makoki, ba sai na maimaita ba. Nawa daban ne. Tun rasuwar matata Dije, kwanon tuwo bai taɓa fashin zuwa daga gidanka ba. Kuma duk garin nan kai kaɗai ka taɓa zaunar da ni ka ce in faɗa maka gungunmu gida-gida, mashaya-mashaya, da kushewun da muka bari ƙarƙashin ruwa, wa ke kwance kusa da wa. Sauran mutane cewa suke tsohon nan ya faye surutu. Kai ka sayo littattafan rubutu.

Saboda littattafan nan ka gina ɗakin katako a lambunka na bayan gida, tsakanin ayaba da gwaiba, kana ce masa ofis. Da hannunka ka gina shi, hannun riƙe alli, har ya yi kanta. Bazarar farko ɗakin ya zama tanda. Sai muka yi wa bangon riɓi biyu, muka ɗura buntun shinkafa a tsakani, muka shimfiɗa zana ƙarƙashin kwano. Ya yi sanyi, har Hansatu matarka ta ce za ta maido randarta ciki.

Da damina ta zo, danshi ya taso daga ƙasa ya fara lanƙwasa takardu. Nan ka zo wurina. Muka ɗaga ɗakin bisa duwatsu, muka shimfiɗa baƙar leda. Daɓen kuwa na ba ka allunan tsohon jirgina, wanda ya yi jigilar tashinmu, da na ɓoye shekara da shekaru na hana kowa hura wuta da su. Sannan na bi kowace tsaga ta bango da daɓe na cusa tsumma, na liƙe da kwalta, yadda nake yi wa jirgi.

Sunday kafinta ya leƙo ya ce a bar wa ɗakin ƙofofin iska, don katako na son shan iska. Ka yarda da shi. Ka ɗauki alli ka zana wurare huɗu a bango, biyu can ƙasa, biyu kusa da rufi. Na ce shekara sittin ina hana ruwa shiga katako, ba yau wani zai sa ni huda abin da na liƙe ba. Ka yi dariya ka ce, "To Kawu, in mun nutse kai ne matuƙi." Ka ajiye allin. Ba don na fi ka gaskiya ba, don dai ni kawunka ne.

Daminar da ta biyo baya wani layi ya fito a bangon ta ciki. Ba ɗigon rufi ba ne, rufin lafiya lau. Layi ne miƙaƙƙe, ya zagaye ɗakin daidai wa daida, irin wanda ruwa ke bari a jikin dutsen gaɓa. Na soma lura da shi. In tafki ya ƙaru, layin ya hau. In tafki ya ja, ya sauka ya bar baƙi-baƙi. Lambunka kuwa tafiyar minti goma ce daga bakin ruwa, kuma bisa tudu yake. Ɗakin ya ɗauki ƙanshin taɓon mashayar gungunmu, wanda rabona da shi tun ina saurayi. Hansatu ta daina shiga shara. Ta ce in ta duƙa takan ji kamar daɓen na rausaya da ita.

Kai ba ka daina shiga ba. Kullum ka taso daga makaranta sai ka rufe ƙofa kana kwafe abin da na faɗa maka. Tari ya kama ka. Na ce sanyin damina ne. Ka sake yi mini maganar ƙofofin nan sau ɗaya, a hankali, kana kallon ƙasa. Na ce a bari sai rani. Rani ya zo, ya wuce.

Sa'adiyya ta faɗa mini nata bayanin ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce ledar da kwaltar sun hana danshi fita, buntun ya jiƙe ya yi fumfuna a cikin bango, kai kuma kana shaƙa. Ta ce, "Kaka, jirgi buɗe yake ta sama. Kai ka yi jirgi ka sa masa murfi." Ba ta ce ni na kashe ka ba. Ajali na Allah ne, na sani. Amma na san wanda ya riƙe tukunyar kwalta.

Ban yi musu da ita ba. Sai dai ita ba ta ga abin da na gani ba.

Washegarin addu'ar uku Hansatu ta aiko mini da makullin ofis ɗinka daga ɗakin takabarta. Na buɗe da hantsi, rana tarwai. Layin ya kai mini ƙirji. Allunan jirgina sun yi zufa, ruwa na tsattsafowa ta tsagar da na liƙe da hannuna. Kujerarka a jiƙe. Duk bangon a jiƙe, in ban da wurare huɗun nan da ka zana. Su a bushe suke, allin bai ko dusashe ba, sai ka ce da safen nan ka ja shi.

Na kira Sa'adiyya ta duba mini littafin kushewu. Tawadar ta narke daga ƙasan shafi zuwa sama. Ta karanto inda ya rage, na gane abin da ya tafi: waɗanda ke kwance kusa da gaɓa ne, su da ruwa ya fara rufewa shekarar tashi, kuma bi da bi yadda ya rufe su ina tsaye cikin jirgi ina kallo. Mutum ashirin da ɗaya. Layi ɗaya ya rage danshin ya kai sunan Wakili, mahaifinka, wanda muka binne kana cikin ciki.

Na zauna bakin ƙofa in sake jero su da ka. Sha huɗu na samo. Bakwai sun ƙi zuwa. Ni da ake cewa ba na mantuwa. Ashe tun da na zuba maka su na saki, na ce ai suna wurin Hafizu.

Allah Ya jiƙan ka, ɗan ƙanwata. Allah Ya yalwata makwancinka, Ya sanyaya shi, Ya sa haƙurin da ka yi da taurin kaina ya zama nauyi a mizaninka. Allah Ya haɗa ka da uban da ba ka taɓa gani ba, Ya jiƙan mutanen Gungun Tamada, waɗanda na tuna da bakwai ɗin da suka kuɓuce mini, Shi bai manta da su ba. Hansatu, Sa'adiyya da ƙannenki, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku yafe mini.

Gobe in Allah Ya kai mu, ina idar da asuba zan aika a kira Sunday, ya zo ya tsaya ya faɗi duk abin da ke bakinsa. Zan ɗauki zarto in huda wurare huɗun nan daidai kan allinka, ba zan kauce ko da faɗin farce ba. Mu kwashe buntun, mu shanya littattafan a rana. Sannan in zauna da Sa'adiyya a buɗe sabon littafi, a fara da Wakili, a sa sunanka ƙarƙashin nasa, a bar layi bakwai babu komai ko za su dawo mini. Ruwan da ke cikin ɗakin nan kuwa, in ya ga ƙofa, ya koma inda ya fito.