Maganar da na rage a gaban kapitan

Akwai wata rana guda a rayuwata da na tabbata da ita zan shiga kabari. A Matameye abin ya faru, shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Rumbuna sun ƙare tun kafin bazara. Mata na jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin ba yara. Ni a lokacin mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko.

Maƙwabcina tela ne, ɗan Shi'a. Katanga ɗaya ta raba mu, amma gaisuwa ma da ƙyar nake amsa masa. Duk watan Muharram yakan kafa baƙar tuta a ƙofar shagonsa, mu ƴan unguwa mu yi ta tsaki.

A bazarar nan wani baƙo ya sauka unguwarmu daga ƙetaren iyaka. Mutum ne mai fara'a, kullum Sunna a bakinsa, kuma bayan la'asar yakan raba gero kyauta. Ƙanena, magidanci mai ƴaƴa biyu wanda gonarsa ba ta ba shi ko dami biyar ba, ya zama ba ya rabuwa da shi. Wata rana telan ya tare ni a hanyar lakwal.

Ya ce, "Mushe, ka ja kunnen ƙanenka. Mutumin nan ba gero kaɗai yake rabawa ba. Na ji yana gaya musu lakwal kafirci ce, soja kafiri ne, ni kuma jinina ya halatta."

Na ce masa ai ku dama ba ku son ganin ana bin Sunna, na wuce abina. Abin da ban faɗa ba shi ne, a gidana ma geron baƙon ake dakawa.

Ba a yi wata guda ba wani kapitan ya zo daga Yamai da umarnin a zaƙulo masu shirin ɗaukar makami. Wani ya ba shi labarin baƙar tuta. Ranar kasuwa da hantsi aka kama telan a gaban jama'a, aka kuma aiko a kira ni in yi tafinta, don Hausar kapitan ba ta nuna ba.

Na tarar da telan zaune a ƙasa, an zube littattafansa da tutar a kan tebur. Kapitan ba mugu ba ne, gajiya ce kawai a fuskarsa. Ya ce a wurin horo an karantar da su ƙungiyoyin Shi'a masu makamai a ƙasashen Gabas, ga kuma masu sace Turawa a hamada, ga waɗanda suka tayar da yaƙi a ƙetaren iyaka, duk da baƙar tuta. A wurinsa duk ɗaya ne.

Da na juya masa maganar, telan ya girgiza kai. Ya ce, "Gaya masa ba ɗaya ba ne. Na Gabas ɗin da yake faɗa akwai su, ban musa ba, amma da ƙasa a bayansu kuma yaƙinsu na can ne. Nan ko sanda ba su da ita. Masu shiga daji kusa da mu Ahlussunna suke kiran kansu, alhali ku ma Ahlussunnan ba su ɗauke ku Musulmi ba. Ran da suka shigo garin nan, ni za su fara yankawa kafin shi. In da gaske bincike ya zo yi, ya je gidan da ake raba gero."

Na fassara komai ban da maganar ƙarshe. Na san a daidai lokacin ƙanena yana cikin gidan. Na kuma tuna da tukunyar gidana.

Telan ya dube ni. "Mushe, ka faɗa duka?"

Na ce, "Na faɗa."

Kapitan ya ce ba zai koma hannu wofi ba, can gaba sa tantance. Kafin azahar aka sa telan a kamyo, babbar motar soja, zuwa Damagaram.

Ruwan shuka bai sauka ba sai da baƙon ya ɓace, tare da mazaje da dama daga unguwarmu. Har da ƙanena. Matarsa ta jira shekaru kafin alƙali ya raba auren. Har yau ba mu san ko ƙasa ta rufe shi ba.

Telan kuwa sai bayan kaka aka sako shi, ba a same shi da komai ba. Daminar da ta biyo baya ta yi kyau, amma gonarsa ba a shuka ba. Matarsa ta sayar da keken ɗinkin suka ci, ƙaramar ƴarsu kuma ba ta kai girbi ba. Ni na ɗauki gawar zuwa maƙabarta, ina tafiya ina jin kamar kowa ya san abin da na yi.

Da telan ya dawo, ya rame yana ta tari, na shiga gidansa karo na farko a rayuwata, na durƙusa na faɗa masa gaskiya.

Ya ce, "Na sani tun ranar. Ban iya Faransanci ba, amma wanda ya sha layin rabon abinci ya san sunan gero da Faransanci. Ban ji shi a bakinka ba." Sannan ya ce, "Ƙanen naka fa, an ji labarinsa?"

Na ce ba a ji ba. Shi ya riƙa ba ni haƙuri.

Da yaƙi ya ɓarke sosai a gabashin ƙasa shekaru bayan haka, kowa ya gane daga ina haɗarin yake. Ni an gaya mini tun da wuri, sai dai wanda ya gaya mini ba na son aƙidarsa, wanda aka gargaɗe ni a kansa kuma yana sallah irin tawa. Abin da na koya ke nan: hukuma ko mutum ɗaya, in ka bar ƙiyayya ta zaɓa maka wanda za ka ji tsoro, marar laifi za ka kama, mai laifin kuma ya tafi da naka.