Sifirin Ɗin Da Na Cire

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara kwararowa Kano, ni matashin bakanike ne a Fagge, kuma in faɗi gaskiya girman kaina ya fi garejin nawa girma. Wanda jiya yake kan keke yau ya sayi mota, kuma kowa so yake motarsa ta riƙa jin ƙafa, wato da ka taɓa totur ta zabura. Ni kuwa na san dabarar. A motocin wancan lokaci waya ce ke tashi daga totur zuwa inji, akwai kuma sifirin, wato nannaɗaɗɗen ƙarfe mai talewa, guda biyu da ke janyo ta baya idan direba ya ɗaga ƙafa. Sai in ɗaure wayar tamau, in cire sifirin ɗaya, totur ya yi laushi kamar auduga. Samari suna ta kuranta ni, ni kuma ina ganin daga Fagge har Kwaciri babu kamata.

Cikin masu kawo mini aiki akwai wani Inyamuri mai sayar da yadi a Kasuwar Sabon Gari, haifaffen Kano, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Ya bar garin lokacin tashin hankali, bayan yaƙin basasa ya dawo da matarsa da 'ya'ya uku ba shi da ko tabarma, ya sake farawa daga tushe. Da Allah ya buɗa masa ya sayi mota ta hannu. Tuƙinsa a natse yake, har nakan tsokane shi cewa mai jaki ma zai wuce shi, ya yi dariya ya ce shi ba ya sauri, yadi ba ya ruɓewa. Wata safiya ya kawo motar ya ce totur ya ɗan yi masa tauri, in sa masa mai kawai, ya wuce kasuwa. Na sa man. Amma son a yabe ni bai bar ni na tsaya nan ba, na ɗaure wayar, na cire sifirin ɗaya na jefa cikin akwatin kayan aiki. Da ya dawo ban gaya masa ba. Cewa na yi kawai ya je ya gwada, zai dawo ya gode mini.

Bayan kwana biyu, da la'asar, jirgin ƙasa ya sauke fasinjoji, bakin tasha ya cika da mutane. Mai yadin yana zuwa wurin a motarsa, sai sifirin ɗayan da na bari, wanda dama ya tsufa, ya tsinke, totur ya maƙale, mota ta ɗauki ƙugi. Waɗanda suka gani sun ce ya murɗa sitiyari ya kauce wa wasu mata masu ɗauke da kaya, ya je ya daki wata babbar mota da ke tsaye. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da yake an san ni ne bakanikensa, ni aka kira in janye motar. Ina leƙa injin na ga guntun sifirin yana lilo. Kafin jami'in duba motoci ya iso garejin washegari, na mayar da sifirin da na cire, na sa wani a madadin wanda ya tsinke, na sassauta wayar, na shafa musu baƙin mai. Ya duba ya ce mota lafiyarta ƙalau. Daga nan magana ta bazu cewa marigayin bai ƙware ba, ya ruɗe ya taka totur a maimakon birki.

Na je gaisuwa gidansa a Sabon Gari. Matarsa ta ja ni gefe, ta kira ni Malam kamar yadda mijinta yake kirana, ta ce in gaya mata tsakanina da Allah ko akwai abin da ya sami motar, domin ita ta san mijinta ba mai garaje ba ne. Na dubi idonta na ce babu komai. Sai ta yi mini godiya a kan yadda nake kula masa da mota. Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ba a daɗe ba ta kwashe 'ya'yanta ta bar Kano, ban sake jin ɗuriyarsu ba, kuma ban nema ba saboda tsoro.

Yau na tsufa, na bar aiki. Ina jin matasa suna ƙorafin cewa motocin yanzu masu totur na lantarki suna jinkirin amsawa, har suna neman wanda zai taɓa musu kwamfutar mota ta riƙa zabura. Ina roƙonku ku yi hattara, abin da kuke gani jinkiri ne wani lokaci shi ke tsakaninku da kabari. Ku kuma 'yan'uwana makanikai, kada ku yi wa motar mutum abin da bai sa ku ba, in kun yi ku faɗa, in ta ɓaci kada ku ɗora wa wanda ba zai iya kare kansa ba. Na yi istigfari ba adadi, amma haƙƙin ba nawa da Allah kaɗai ba ne. Idan wannan takarda ta kai ga ɗaya daga cikin 'ya'yan nan uku, ina so su sani mahaifinsu ya iya tuƙi, har mutane ya ceta a ranar. Ni ne na kashe shi, kuma na yi wa mahaifiyarsu ƙarya.